Kafin a yanke shasin tsohuwar mota don a sa mata ƙafar zamani

A kwanakin baya na kalli wani bidiyo daga Amurka wanda ya ɓata mini rai. Wani mutum ne ya sayi akori-kura ƙirar Ford F-100 ta shekarar 1956, wadda shasinta yake garau babu tsatsa, ya cire inji, ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya datse gaban shasin gaba ɗaya, domin ya haɗa masa gaban wata mota da aka ƙera bayan ta da kusan shekara ashirin. Dalilin da ya bayar shi ne motar tana yawo a kan titi, sitiyarinta yana da wasa, birkinta kuma ba ya kamawa da kyau. Amma da ya ɗaga tsohuwar ƙafar yana nuna wa masu kallo, kowa yana iya ganin cewa bushin sun cinye, sifirin ya kwanta, kuma kinfin ɗin da taya ke juyawa a kansa yana girgiza a cikin mazauninsa. Wato ƙafar da ya yanke wa hukunci ƙafa ce da aka yi shekaru ba a gyara ba, kuma bai taɓa tuƙa motar tana cikin lafiyarta ba kafin ya sa mata ƙarfe.

Ra'ayina shi ne bai kamata a yanke shasin tsohuwar mota ba sai an fara mayar da ƙafarta ta asali yadda masana'anta ta ƙera ta, an tuƙa ta, an ga abin da ya rage na matsala. Ba na cikin masu cewa kada a taɓa tsohuwar mota ko kaɗan, kuma zan faɗi inda nake ganin sauyin yana da hujja. Sai dai na gamsu cewa mafi yawan waɗannan ayyuka ana yin su ne saboda yayi, kuma da yawa daga cikinsu suna barin motar da haɗarin da ba ta da shi a da.

Ga wanda bai saba da lamarin ba, abin da ake sauyawa shi ne duk abin da ke riƙe da tayoyin gaba: aksil, sifirin, shokabzoba, hannuwan da ke ɗaga taya su sauke ta, birki da kayan sitiyari. Akori-kura ta shekarun 1950 tana da aksil guda ɗaya mai kama da dogon ƙarfen gini, wanda ya haɗa tayoyin biyu, yana zaune a kan sifirin mai ganye. A ƙafar zamani kuwa kowace taya tana motsi ita kaɗai. Masu wannan aiki a Amurka sun fi ɗauko ƙafa daga wurare uku: ƙaramar motar Ford Mustang II da aka yi daga 1974 zuwa 1978, da Chevrolet Camaro ta shekarun 1970, da kuma Ford Crown Victoria ta 2003 zuwa 2011, wadda 'yan sanda da masu tasi suka yi amfani da ita sosai, har kayanta suka cika wuraren sayar da gwangwan cikin araha.

Tsufa ake gani, ake zargin ƙira

Hujjar farko da ake kawowa ita ce tsohuwar ƙafa ba ta da kyau tun asali. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin aksil guda yana da nauyi, kuma idan taya ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma sai ta ji a jikinta. Amma wanda ya ce motarsa tana yawo a titi ba wannan yake kwatantawa ba. Mota tana yawo ne idan akwai wasa a kinfin, ko a kan tayarod, ko a cikin akwatin sitiyari, ko kuma idan bushin ɗin sifirin sun mutu har aksil yana matsawa gaba da baya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya zama ɗan ƙaramin wasa, amma idan suka taru sai direba ya juya sitiyari kusan tafin hannu kafin taya ta amsa. Babu masana'antar da ta sayar da sabuwar mota a haka, kuma mutanen da suka sayi waɗannan motoci sababbi sun yi shekaru suna ɗaukar kaya da iyali a cikinsu.

Aksil guda bai ɓace daga duniya ba. Manyan motocin dakon kaya da tireloli da ke bin hanyoyinmu a yau a kansa suke tafiya, da kinfin da sifirin mai ganye, kuma direban da ke kula da ƙafar motarsa yana riƙe ta a miƙe da lodi mai nauyin tan talatin. Ko a ƙananan motoci, Chevrolet Corvette, wadda motar gudu ce, ta riƙe kinfin har zuwa 1962.

Akwai kuma batun taya, wanda mutane suke mantawa da shi. Motocin Amurka na shekarun 1950 an daidaita ƙafarsu ne don tayar wancan zamani, mai zaren da aka gicciya. Tayar radiyal, wadda kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946, ba ta zama ruwan dare a Amurka ba sai a shekarun 1970. Idan aka sa radiyal a tsohuwar mota aka bar alaimen yadda littafin asali ya ce, sau da yawa sitiyari ba ya komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Maganin da makanikai suka sani shi ne a ƙara karkatar da kinfin baya kaɗan, ta hanyar cusa siririn ƙarfe mai tsini tsakanin aksil da sifirin. Aikin yini guda ne, kuma ana iya cire shi gobe idan bai yi ba.

Misalin da na fi so a wannan fanni shi ne na Mustang ta 1965. Ƙafarta ta gaba tana da aibi na gaske, domin idan motar ta kwanta a kwana tayar waje tana karkata ta inda bai kamata ba, sai riƙon ƙasa ya ragu. Wani injiniyan Ford mai suna Klaus Arning ya lissafa cewa idan aka sauke mazaunin hannun sama da inci ɗaya, matsalar za ta ragu ƙwarai, kuma Carroll Shelby, maƙerin motocin gudu, ya yi amfani da wannan a motocinsa na GT350 na 1965. Huda huɗu ne kawai ake yi a jikin ƙarfe. Duk da haka a yau ana samun mutanen da ke yanke dukkan ginshiƙan shokabzoba na irin wannan mota, alhali a mota irin wannan da ba ta da shasi daban, waɗannan ginshiƙai suna cikin abin da ke riƙe da gaban jikinta.

Batun birki

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Birki mai ganga yana yin zafi idan aka yi ta taka shi a gangara ko a cunkoso, gangar ta buɗe, takalmin birki ya rage kamu, har direba ya ji ƙafarsa tana nutsewa motar ba ta tsaya ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne tsofaffin motoci suna da layin man birki guda ɗaya, ta yadda idan tiyo ɗaya ya fashe, tayoyi huɗun duka sun rasa birki a lokaci guda. Saboda haka ne dokar Amurka ta wajabta layi biyu a motocin da aka ƙera daga 1968. Na yarda cewa wanda zai shiga titin yau da motar 1956, a tsakanin motocin da ke iya tsayawa cik cikin ɗan taƙi, yana bukatar birki mai faifai a gaba da layin mai guda biyu.

Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar a taɓa shasi. Ga motoci irin su F-100 da tsofaffin Chevrolet, ana sayar da kayan birki mai faifai da ake ɗaurawa da noti a kan ƙafar asali, kuma famfon birki mai layi biyu yana shiga wurin tsohon da ɗan gyara. Abin mamaki ma shi ne faifan birkin Mustang II na asali ɗan ƙarami ne, kimanin inci 9, domin an yi shi ne don ƙaramar mota. Wanda ya sa shi yadda yake a ƙarƙashin akori-kura mai babban inji bai samu birkin da yake zato ba, shi ya sa masu sayar da kayan suke ƙara tallata faifai mai inci 11 a matsayin ƙari na daban.

Lissafin da walda ba ta gyarawa

A nan ne damuwata ta fi yawa, domin wannan ɓangaren ba ya bayyana a hoto. Ƙafar gaba lissafi ce da injiniyoyi suka yi don mota guda, mai faɗi sananne, da tsawo sananne, da nauyi sananne a kan kowace taya. Idan aka ɗauke ta aka kai wata mota, lissafin ba ya sauyawa don ya dace da sabon wuri.

Abu na farko shi ne faɗi. Ƙafar Mustang II, daga mazaunin taya zuwa mazaunin taya, kimanin inci 56 da rabi ce, wato ta yi wa yawancin akori-kura ƙanƙanta. Ta Crown Victoria kuwa tana kusan inci 67, ta yi wa da yawa daga cikinsu faɗi. Wanda ya sa mai faɗi dole ya nemi wili mai zurfi ta ciki don taya ta koma ƙarƙashin madigadi, kuma ramukan notin wilin ma sun bambanta da na F-100, don haka sai ya sauya aksil na baya ko ya riƙa yawo da safaya iri biyu. Wanda ya sa ƙarama kuma sai ya faɗaɗa ta, kuma a wajen faɗaɗawar ne ake yin kuskuren da ya fi kowane haɗari.

Idan taya ta hau tudu, hannun sama da na ƙasa suna zana baka a iska, tayarod ma tana zana nata bakan. Injiniya yana sanya gindin tayarod a kan layin da ya haɗa gindin hannuwan biyu, domin bakunan su yi daidai, taya ta hau ta sauka tana kallon gaba. Idan mai walda ya ƙara faɗin gadar da ke riƙe da hannuwa da inci biyu, amma ya ƙara tsawon a ƙarshen tayarod maimakon a jikin sandar sitiyarin da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, ko ya ɗaga sandar sama kaɗan don ta kauce wa tukunyar man inji, to bakunan sun rabu. Daga ranar, duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, za ta juya da kanta ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. A cikin gareji ba a ganin komai, na'urar alaimen ma za ta nuna komai daidai ne, domin tana auna mota ne a tsaye. Sai ana gudun kilomita 100 a awa, aka hau gaɓar gada, motar ta yi tsalle zuwa layin da ba nata ba.

Abu na biyu ya girmi mota kanta. A kwana, tayar ciki tana bin ƙaramin da'ira, ta waje tana bin babba, don haka dole ta ciki ta fi juyawa. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich mai suna Georg Lankensperger ne ya fito da tsarin, Rudolph Ackermann kuma ya yi masa rajista a Ingila a 1818. Kusurwar hannun sitiyari tana bin tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ƙafar da aka lissafa don gajeriyar mota, idan aka kai ta doguwa, lissafin ya kauce, kuma alamarsa ita ce tayoyi suna yin ƙara a ƙaramar kwana suna cinyewa ta gefe. Wannan bai kai na farko haɗari ba, amma yana nuna cewa ƙafar ba ta san motar da take ɗauke da ita ba.

Abu na uku shi ne nauyi da ƙarfin shasi. Sifirin mai ganye yana raba nauyi a wurare biyu masu nisa da juna a kowane gefe na shasi, kuma an bar shasin tsohuwar akori-kura a buɗe ta ciki don ya riƙa murɗawa kaɗan a kan gargada. Ƙafar zamani tana tara nauyi da bugun rami a wuri guda, tana kuma bukatar shasi mai tauri. Saboda haka dole a rufe cikin shasin da faranti a yi masa walda, kuma inda ɓangaren da aka taurara ya haɗu da wanda aka bari yana murɗawa, nan ne tsaga take farawa bayan shekaru. Mai aiki da ya san abin da yake yi yana tsawaita farantin ya siranta ƙarshensa don nauyin ya bazu. Wanda bai sani ba yana tsayar da shi cak, ya shafa fenti baƙi, aikin kuma ya yi kyau a ido.

Ban ce ba a iya yin aikin daidai ba. Akwai kamfanoni a Amurka da suka yi shekaru suna ƙera gada ta musamman don kowace irin mota, da lissafinta a shirye, kuma akwai masu gareji da ke auna motsin taya daga sama har ƙasa kafin su kunna injin walda. Abin da nake cewa shi ne sakamakon ya dogara ne ga awo na 'yan milimita, kuma yawancin masu yin aikin a gida ba su da abin auna shi, ba su ma san ana aunawa ba.

Da'awar kare rai

Ana yawan cewa ai don lafiyar iyali ake yin sauyin. Ina girmama wannan niyya, amma ya kamata a san iyakarta. A 2009 cibiyar kamfanonin inshora mai binciken haɗarin hanya a Amurka, IIHS, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowace tana gudun mil 40 a awa, wato kimanin kilomita 64. Ɗakin direban tsohuwar motar ya ruguje, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da ke zaune, alhali na sabuwar ya tsaya kusan yadda yake. Babu ƙafar zamani da za ta sauya wannan sakamako, domin matsalar tana cikin ginin jikin motar ne, da sandar sitiyari mai miƙewa kamar mashi, da rashin bel.

Wanda yake nufin kare iyalinsa da gaske, kuɗinsa zai fi amfani a bel mai kama kafaɗa da ƙugu, wanda Volvo ta fara sawa a 1959, da sandar sitiyari mai lanƙwashewa idan an yi karo, da tayoyi masu kyau, da fitilu masu haske. Ina kuma tsoron wani abu da ba a cika faɗa ba. Tsohuwar mota mai ƙafar asali tana gaya wa direba iyakarta, yana jin nauyinta a hannunsa, sai ya rage gudu ya bar tazara. Idan aka sa mata ƙafa mai laushi da sitiyari mai sauƙi da injin da ya ninka na asali ƙarfi, direba zai riƙa gudun motar zamani a cikin jikin da ba zai kare shi ba idan abu ya faru.

Motata ce, kuɗina ne

Wannan ita ce amsar da aka fi bayarwa idan hujjoji suka ƙare, kuma tana da gaskiya har zuwa wani wuri. Launin fenti da irin kujeru da sautin salansa duk na mai mota ne. Amma waldar da ke riƙe da tayar gaba ta shafi mai babur da ke tahowa ta ɗaya hannun, ta kuma shafi wanda zai sayi motar bayan shekara biyar bai san abin da ke ƙarƙashin fentin ba. Makaniken da za a kawo wa motar a wani gari ma ya shiga ciki, domin littafin F-100 ba zai gaya masa irin boljoyin da zai saya ba, ko ma'aunin alaimen da zai bi.

Ƙasashe sun bambanta a yadda suke kallon wannan. A yawancin jihohin Amurka babu mai duba waldar kafin motar ta hau titi. A Jamus kuwa sauyi irin wannan sai masu binciken motoci sun duba sun amince, kuma lambar tarihi mai harafin H, wadda aka fara bayarwa a 1997 ga motar da ta kai shekara 30, tana bukatar motar ta kasance kusa da asalinta ko kuma sauyin ya zama irin na zamaninta. A Birtaniya, tun 2018 motar da ta haura shekara 40 ba ta bukatar gwajin lafiya na shekara-shekara, sai dai idan an yi mata babban sauyi, kuma sauya tsarin ƙafa ko na sitiyari yana cikin abin da ake dubawa. Ina ganin Jamusawa sun fi kusa da daidai, ko da yake tsarinsu yana da tsada da ɓata lokaci, domin aƙalla wani wanda ba shi ya yi aikin ba yana duba shi.

Akwai kuma haƙƙin tarihi. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, a yarjejeniyarta ta Turin da ta fara aiki a 2013, ta nemi duk sauyin da ya zama dole a rubuta shi, kuma a yi shi ta yadda za a iya mayar da mota yadda take. Na ga hikimar wannan. An ƙera F-100 da yawa, amma kowace shekara masu shasi lafiyayye suna raguwa, kuma yadda motar 1956 take tafiya, da nauyin sitiyarinta da yadda take amsa hanya, wani ilimi ne da ba ya zama a hoto ko a gidan tarihi. Idan aka yanke su duka, za a wayi gari akwai dubban motoci masu fuskar 1956 amma babu wanda ya san yadda ake tuƙa ta gaske.

Inda na yarda da sauyin

Hujjar da ba zan iya turewa ba ita ce ta rashin kaya. A Kuba, bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba, kayan gyaran motocin Amurka suka yanke, makanikai kuma suka riƙe su da injinan dizal da kayan ƙafa na motocin Rasha da na Asiya. Waɗannan motoci suna aikin tasi ne a Havana, suna ciyar da iyalai, kuma zaɓin da ke gaban mai su shi ne ko dai sauyi ko dai a ajiye mota. Babu wanda ke da hurumin yi musu wa'azin asali. Haka nan a ko'ina, idan shasi ya riga ya ruɓe ko ya lanƙwashe a haɗari, ko motar ta kamfanin da ya daɗe da mutuwa ce har ba a samun kayan ƙafarta, sa mata ƙafar wata mota ya fi a kai ta gwangwan.

Na kuma yarda da wanda ya gyara ƙafar asali tsaf, ya tuƙa ta, ya ga har yanzu ba ta biya masa bukata ba, misali mai larurar kafaɗa ko baya da ke bukatar sitiyari mai sauƙi da tafiya mai laushi, ko wanda zai riƙa doguwar tafiya kullum a babbar hanya. Ga irin wannan mutum, ƙafar Crown Victoria a kan F-100 ta shekarun 1960 da 1970 tana da wata fa'ida da ya kamata a faɗa: gadarta ta alminiyom tana zuwa ne da hannuwa da birki da sitiyari a haɗe yadda Ford ta lissafa su, ana ɗaura ta da manyan notuna, kuma an yi ta ne don mota mai nauyi. Muddin ba a taɓa faɗinta ba, lissafin motsin taya yana nan yadda yake. Amma tana sauke gaban motar da inci da dama, kuma akori-kurar da aka sauke ta daina zama motar gona ko ta hanya mai ramuka.

Wannan batu na tsayi daga ƙasa shi ne ya sa nake ganin maganar ta shafe mu, ko da yake yayin bai iso nan da ƙarfi ba. Tsohuwar motar da za mu kira tamu ita ce Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975 har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Abin da ya sa ta yi suna daga Kano zuwa Zinder shi ne ƙafarta mai dogon zango, wadda ke haɗiye gargada ba tare da ta bugi ƙasa ba, kuma da ita aka ci tseren Safari na Kenya a 1975. Duk wanda ya ga bidiyon Amurka ya yi sha'awar sa mata ƙafar wata motar Turai ta yau, wadda aka ƙera don kwalta mai santsi, zai cire mata abin da ya fi komai daraja a jikinta ne. Abin da 504 take bukata shi ne shokabzoba na gaske da bushin masu kyau, ba jabun da suka cika kasuwa ba.

Muna kuma da namu nau'in wannan aiki, wanda nake ganin ya fi na Amurka haɗari. Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, motoci masu sitiyari a dama suke shigowa daga Ingila da Japan, ana mayar da sitiyarin hagu a gareji. A wajen wannan aiki ana yanke mazaunin sandar sitiyari a sake masa wuri, ana ƙara tsawon ƙarfe da walda, ana jan layin birki zuwa ɗaya gefen, kuma sau da yawa da ido ake yin awon. Kuskuren milimita da ke sa F-100 ta yi tsalle a gaɓar gada shi ne dai yake aiki a cikin bas mai ɗauke da fasinja goma sha takwas a hanyar Kaduna zuwa Zariya, kuma fasinjan bai san an taɓa sitiyarin ba.

Ga wanda ya riga ya yanke shawarar yin sauyin, akwai abubuwan da nake ganin wajibi ne a kansa. Ya zaɓi tsarin da ake ɗaurawa da noti idan akwai shi, ya auna motsin taya daga can sama har can ƙasa da sifirin a cire kafin a yi waldar ƙarshe, ya kuma sa wani makanike dabam ya duba aikin kafin a shafa fenti. Ya rubuta sunan mota da shekarar da aka ɗauko kowane ƙarfe, da ma'aunin alaimen da aka tsayar, ya ajiye takardar a cikin motar domin makaniken gaba. Tsohon aksil da sifirin da akwatin sitiyari kuma kada ya sayar wa 'yan gwangwan, ya shafa musu giris ya ajiye, su bi motar zuwa hannun duk wanda ya saye ta.